Ina so in cire ɗana daga lakwal in koyar da shi a gida

Wasiƙar wannan mako ta wata 'yar Maradi ce, 'yar unguwar Bagalam, da aure ya kai ta wani gari kusa da Liyon a Faransa. Yaranta uku, duka can aka haife su: namiji ɗan shekara biyar, mace 'yar shekara biyu, sai jariri ɗan wata huɗu. Maigida gadin dare yake yi, katin zamansu kuma sabunta shi ake yi. Babban yaron ya fara mayar mata da magana da Faransanci, ranar sallah da aka miƙa masa waya ya gaida kakarsa sai ya yi tsuru-tsuru. Ga wahalar sauka bene sau huɗu a rana da goyo da keken yara cikin sanyi, saboda ba ya cin abincin makaranta. Tana ganin matan Amurka a waya suna koyar da 'ya'yansu a gida, ita ma tana so ta cire shi kafin ya shiga CP, wato ajin farko na firamare, a watan Satumba. Karatunta ya tsaya a BEPC, shaidar kammala ƙaramar sakandare. Ta ce: ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da ƙannen?

Ƙanwata, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Na ji abin da ya taɓa miki zuciya, kuma ba ƙaramin abu ba ne uwa ta ga ɗanta ya kasa ce wa kakarsa ina kwana. Amma kada ki cire yaron nan daga lakwal. Bari in faɗa miki dalili tun kafin mu zo ga karatun gida, wanda shi ma za ki yi, in sha Allahu.

Matan da kike gani a waya dokar Amurka suke bi, inda duk jihohi sun yarda da koyarwa a gida. Ke kuwa kina ƙarƙashin dokar Faransa. Tun 2019 karatu ya zama dole a can ga kowane yaro daga shekara 3 zuwa 16, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Da can iyaye sanar da hukuma kawai suke yi cewa za su koyar a gida. Dokar 24 ga Agusta 2021 ta rufe wannan ƙofa, daga Satumbar 2022 sai da izini. Ana neman izinin tsakanin 1 ga Maris da 31 ga Mayu wurin daraktan ilimi na yankinku, kuma galibi kowace shekara sai an sake nema. Dalilai huɗu kaɗai aka yarda da su: rashin lafiya ko naƙasar yaro, yaron da ya duƙufa a wasanni ko wata fasaha, iyalin da ke yawo ko gidan da ya yi nisa da kowace makarantar gwamnati, sai kuma wani hali na musamman da ya shafi yaron kansa. Son ya iya Hausa ba ya ciki, karatun addini ba ya ciki, gajiyar uwa ma ba ta ciki. Dalili na huɗun, wanda shi kaɗai za ki iya gwadawa, ana buƙatar mai koyarwar ya nuna shaidar bakaloriya ko abin da ya yi daidai da ita. BEPC ɗinki bai kai ba. Ko wanda ya samu izinin ma bai huta ba, don sufeto zai duba yaron kowace shekara ya ga inda Faransancinsa da lissafinsa suka kai, ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, kuma su yi nasu binciken.

In kuwa aka cire yaro babu izini, za a aiko da takardar gargaɗi a mayar da shi. Wanda ya ƙi, doka ta tanadi har ɗaurin wata shida da tarar Yuro 7,500. Mutumin da zai je neman sabunta katin zama bai kamata sunansa ya shiga irin wannan shari'a ba.

Akwai wani abin da matanmu da yawa ba su lura da shi sai an makara. 'Yar takardar nan ta shaidar cewa yaro yana makaranta, wadda darakta ke bayarwa in kin nema, dukiya ce. Yaron da aka haifa a Faransa, iyayensa baƙi, ba ya zama ɗan ƙasa ranar haihuwa. Idan ya kai shekara 13 iyaye na iya nema masa, matuƙar ya zauna a ƙasar tun yana ɗan 8, kuma takardun makaranta su ne shaidar da aka fi dogara da ita. Ko ba ku yanke shawarar nema masa ba tukuna, ki karɓi takardar kowace shekara ki adana cikin jaka ɗaya da takardun haihuwa. Haka nan kuɗin komawa makaranta da CAF, hukumar tallafin iyali, ke ba masu ƙaramin ƙarfi a watan Agusta daga shekara shida: ya haura Yuro 400 ga kowane yaro, sama da jika 260 ke nan a kuɗinmu na sefa, kuma na yaran da aka rubuta a makaranta ne.

To, wahalar benen fa? Wannan tana da magani kusa. Ki je meri ki tambayi tsarin abincin rana. Garuruwa da yawa suna yanke kuɗinsa gwargwadon abin da iyali ke samu, da yawa kuma suna da abinci marar naman alade ko marar nama gaba ɗaya, ko da yake doka ba ta tilasta musu ba. In aka dace, fita huɗu ta koma biyu. Ta safen kuma ki roƙi Malam ya ɗauke miki, tunda lokacin yake dawowa daga aiki: ya raka ɗansa ƙofar makaranta kafin ya kwanta, suna tafe suna hira da Hausa. Yaro namiji da ya ji babansa na yi masa Hausa a bakin titi, gaban turawa, ba zai ɗauke ta harshen ɓoyewa ba.

Yanzu mu zo ga makarantarki ta gida, don abin da kike tsoron ya rasa babu malamar da za ta ba shi, ke ce za ki ba shi. Yaro ya wuni a aji tun takwas da rabi har huɗu da rabi, kada ki tare shi da allo da yamma, zai tsani allon. Yawancin garuruwan can ba a zuwa lakwal ranar Laraba, ga Asabar ga Lahadi, ga hutun mako biyu-biyu har sau huɗu a shekara. Ki ɗauki hantsin waɗannan ranaku, minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba ƙari. Ki fara shayar da jaririn ya ƙoshi, ki goya shi, sannan ki shimfiɗa tabarma. 'Yar shekara biyun ita ce za ta fi ba ki aiki: za ta hau cinyarki, ta fizge alƙalami, ta tsoma yatsa cikin tawada. Kada ki kore ta, in kin kore ta kuka za ta yi har lokacin ya ƙare. Ki ba ta nata ƙaramin allon da ɗan ruwa a murfi ta yi ta shafawa. Mu da muka tashi a makarantar allo a zaurukan Maradi mun san ƙanana na zama gefe suna wasa da ƙasa, wata rana sai a ji Ƙulhuwa a bakinsu ba wanda ya biya musu. Ranar da jariri ya kwana kuka ko zazzaɓi ya shigo gida, a bar karatun, gobe ma rana ce.

Ki sa a sayo miki allo biyu da alƙaluma da tawada a babbar kasuwar Maradi, a ba wani mai tafiya. Ki fara da abin da aka fara miki: Fatiha da baki, sai Nasi, sai Falaƙi, sannan babbaƙu, alu ambaki wau zal, kafin a je farfaru. Abu ɗaya za ki kiyaye: mu da Warshu muka tashi, masallatai da yawa a can kuwa da Hafsu suke koyar da yara. In za ki riƙa kai shi karatun masallaci ran Asabar, ki tambayi malamin ruwayar da yake bi, ku tsaya kan guda har bakinsa ya zauna.

Hausar kuwa ba a tabarma za ta shiga ba, a madafa za ta shiga. Ki aike shi: ɗauko mini ludayi, miƙo zanen goyo, ƙirga mini albasa. In ya amsa da Faransanci kada ki yi masa tsawa ko dariya, ki maimaita abin da ya faɗa da Hausa ki ci gaba da aikinki. Ki roƙi kakarsa ta riƙa aiko masa da saƙon murya ta WhatsApp, ya fi kira, don kiran yakan yanke kuma yaro yakan daburce. Ta kira shi maigidana, ta tsokane shi cewa bai kawo cefane ba, ta yi masa ga ta nan ga ta nanku ta kawo Gizo da Ƙoƙi. Zai saurara sau goma, ƙanwarsa na gefe tana ji, ran nan da kansa zai ce a danna masa ya ba matarsa amsa. Karatun Hausa a rubuce ki dakata da shi sai ya kama na Faransanci a CP, don haruffan suna saɓawa: c ɗin da ke cikin "ciki" da u ɗin da ke cikin "uwa" ba haka malamarsa za ta furta su ba, ga ɓ da ɗ da ƙ da bai taɓa gani ba. In ya iya haɗa baƙi a can, namu ba zai ɗauke shi lokaci ba. Kuma ki gaya masa harshen nan yana da daraja, tun Maris 2025 shi ne harshen ƙasa a Nijar.

Ina roƙonki abu guda: kada babban ya zama ɗan reno. Shekararsa biyar. Ya miƙo miki abu, ya yi wa jariri wasa, amma kada a bar masa su. In kin ji kin gaza, ki faɗa wa ma'aikatan PMI, cibiyar kula da lafiyar uwa da yara, inda kike kai awo, kyauta ne, kuma sun san gidajen renon da ke karɓar yaro na 'yan awoyi.

Na san a gida wani zai ce ki turo shi Maradi wurin kaka kawai. Kafin ya taka jirgi ko da hutu ne, ku nemar masa takardar tafiya ta yara baƙi, DCEM, wadda ke aiki har shekara biyar. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, yaron da ya zo babu ita komawarsa za ta yi wuya. Hutun Yuli da Agusta ya isa ya sha Hausa ya ƙoshi, in Allah ya hore kuɗin jirgi.

Idan akwai abin da ke damun yaron a makarantar da ba ki faɗa mini ba, duka ko tsangwama ko ciwo, ki nemi ganin darakta, ki kuma sake rubuto mini, don wannan wata magana ce daban. In za ki je meri kan abincin, ki tafi da takardar haihuwar 'yar shekara biyun da littafin rigakafinta da shaidar adireshi, ki tambayi ranar rubuta yara. Ita ma a Satumbar shekarar da za ta cika uku za ta shiga aji.