Shin aman wutar dutse yana taɓa maganaɗisun duniya?

Tambaya: Malam, na ji an ce dutsen da ya yi aman wuta a Tonga ya birkita sararin samaniya har da maganaɗisun duniya. Yaya abin da ya fashe a cikin teku zai kai can? Kuma akwai haɗari?

Amsa: Ya kai, amma ba ta hanyar da ake zato ba. Asalin maganaɗisun duniya daga narkakken ƙarfe yake tasowa, a zurfin da ya haura kilomita 2,900 a ƙarƙashin ƙafarmu, kuma babu dutsen da hannunsa ya kai nan. Iska dutse yake girgizawa, sauran duk aikin iska ne.

Ranar 15 ga Janairu 2022, da dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai na ƙasar Tonga, a tekun Pasifik, ya fashe, turnuƙin toka da tururi ya tashi kilomita 57. Bugun ya ture iska, igiyar matsi ta bazu da gudun kusan mita 310 a daƙiƙa, ta zagaya duniya sau da yawa, har a Alaska an ji ƙarar. Krakatau na Indunusiya ma ya yi irin haka a 1883.

To, wani ɓangare na girgizar sama yake nufa, kuma nan abin yake. Iska tana ƙara sirancewa gwargwadon hawa, don haka motsi kaɗan a ƙasa yakan zama babba a sama, kamar bulala: hannu ya ɗan karkaɗa, bakinta ya tsala. Daga wajen kilomita 80 zuwa sama akwai ayonosfiya, inda hasken rana ya mai da iska mai ɗauke da cajin lantarki. Ita ce ke dawo da shirye-shiryen rediyo na gajeren zango zuwa ƙasa. Idan iska ta ja wannan caji ta ratsa maganaɗisun duniya, sai lantarki ya gudana, kowane lantarki kuwa yana haifar da nasa maganaɗisun. Wannan ɗan ƙarin ne na'urori suke gani.

Bayan fashewar Tonga, tauraron ɗan'adam ICON na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya auna guguwa mai gudun kusan kilomita 720 a awa a can sama. Taurarin Swarm na Turai kuma suka ga lantarkin da ya saba gudana gabas a saman ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, ya ninka sau biyar, ya ma juya yamma na ɗan lokaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Japan: ayonosfiyar samanta ta rikice tun igiyar iskar ba ta iso ba, domin rikicin ya biyo layukan maganaɗisu daga saman Ostareliya, ya riga iska zuwa.

Batun haɗari kuwa, ka kwantar da hankalinka. Ƙarfin maganaɗisun duniya tsakanin nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 25,000 ne zuwa 65,000, canjin da dutse ke jawowa bai taka kara ya karya ba, ko allurar kamfas ba za ta nuna shi ba. Inda ake jin jiki shi ne GPS da sadarwar tauraron ɗan'adam, saboda saƙonsu ta ayonosfiya yake bi, idan ta dagule sai lissafin wuri ya kauce na wasu awoyi. Guguwar rana, wato cajin lantarkin da rana ke fesowa, ta fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba: ta Maris 1989 ta jefa Kebek ta Kanada cikin duhu na awa 9.

Kuma ba kowane dutse ke iya wannan ba. Sai mai fashewa farat ɗaya da ƙarfi. Irin su Kilauea na Hawai, da galibi narkakken dutse suke malalowa a hankali, da wuya motsinsu ya kai ayonosfiya.