Amsa ga ƙanenmu na Jega kan neman tallafin ƙera wasan bidiyo

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, amma na dakata har sai da na samu natsuwa, domin abin da ka tambaya shi ne ya cinye mini kusan shekara huɗu a nan Birnin Kebbi. Ka ce ku uku ne a Jega, kun iya aiki da Unity, manhajar ƙera wasanni, gwargwadon hali, kuna da tunanin wasan waya a kan dambe, kuma kana son sanin inda ƙananan kamfanoni ke samun tallafi da yadda ake gabatar da tunanin har masu kuɗi su karɓa. Mu ma mu uku muka fara, sai dai namu wasan a kan su ne, wato kamun kifi, irin wanda ake yi a Matan Fada lokacin bikin Argungu.

Takardar neman tallafi ta farko da muka aika ta haura shafi goma, kuma kusan dukkanta tarihi ne. Mun ba da labarin Kanta, wanda ya kafa daular Kebbi, mun faɗi yadda bikin ya samo asali a 1934, mun ambaci cewa UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, mun kwatanta yadda dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da gora da homa da zarar an ba da izini. Duk gaskiya ne, kuma har yau ina alfahari da shi. Amma da amsa ta zo an ƙi mu, kuma wanda ya duba takardar ya bar mana tambaya ɗaya tak: me ɗan wasa zai riƙa yi da yatsansa a daƙiƙa talatin na farko? Muka zauna muka kalli juna, domin babu ɗayanmu da ke da amsa. A ranar na fahimci cewa masu wannan kuɗi ba tunani suke saye ba, abin da za su riƙe a hannu su buga suke son gani, ko da kuwa ƙarami ne kuma zanensa bai gama kyau ba.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku ajiye maganar kuɗi na wata uku, ku ƙera samfuri. Mu da muka koma, mun zubar da labari da garuruwa da jaruman da muka tsara, muka bar masunci ɗaya, gora ɗaya, homa ɗaya da agogo mai ƙirga lokaci. A naku, 'yan dambe biyu da turmi ɗaya sun isa. Abin da ake so a gani shi ne ko kai naushi da karewa suna da daɗi a hannu, ko ɗan wasa yana jin nauyin hannun da aka naɗe da zare, ko kuma idan an yi kisa zai ji yana son ya sake. Ɓangaren Kudu da Arewa da Guramada, da kirari, da 'yan kallo, duk za su zo daga baya. Idan samfurin ya tashi, ku kai shi wajen mai cajin waya ko majalisar unguwarku, ku miƙa wa yaro wayar, ku ja bakinku ku yi shiru. Wannan shirun yana da wuya ƙwarai, domin za ka ga yana danna inda ba nan ba ne, zuciyarka tana ce maka ka nuna masa. Kada ka nuna masa. Ka rubuta inda ya rikice, ka duba minti nawa ya yi kafin ya mayar maka da wayar, kuma ka gwada a ƙananan wayoyin da mutanenmu ke riƙewa, ba wayarka kaɗai ba.

To, batun kuɗin kansa. Abin da muke kira tallafi a baki ɗaya ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance shi ya jefa mutane da yawa cikin nadama. Akwai kyauta wadda ba a mayarwa, akwai rance, akwai mai zuba jari da zai karɓi kaso na kamfaninku, akwai kuma kamfanin dillancin wasanni da zai ba ku kuɗin aiki tun farko sannan ya cire abinsa daga cinikin wasan kafin ku fara ganin komai.

Mafi yawan asusun da za ka riƙa cin karo da labarinsu a intanet na gwamnatocin ƙasashen waje ne, kuma 'yan ƙasarsu suka yi wa. UK Games Fund, wanda aka kafa a 2015 kuma ofishinsa ke Dundee a Sikotland, ya fara ne da bai wa ƙananan kamfanoni har fam 25,000 domin su ƙera samfuri, sannan yana da shirin Tranzfuser na waɗanda suka gama jami'a, amma dole kamfanin ya kasance a Birtaniya. Gwamnatin Jamus ta fara ware yuro miliyan 50 a shekara ga masu ƙera wasanni a 2019, Kanada tana da Canada Media Fund, Tarayyar Turai kuma tana tallafawa ta shirin Creative Europe. Ba za ku samu ko sisi daga waɗannan ba, kada ku ɓata lokacin cike fom ɗinsu. Duk da haka ina ba ku shawara ku karanta ƙa'idojinsu da tambayoyin da suke yi wa masu nema, domin a can na koyi yadda mai ba da kuɗi yake tunani. Dalilin kafa su shi ne giɓin da ke tsakanin tunani da samfuri: dillali ba ya sa kuɗinsa sai ya ga abin bugawa, ƙaramin kamfani kuma ba shi da abin da zai ci har ya ƙera shi. Wannan giɓin ne muke ciki mu ma, sai dai mu mukan cike shi da aljihunmu da daren da muke hana idonmu barci.

Waɗanda ƙofarsu ke buɗe gare mu ba su da yawa, amma akwai su. Epic Games ya buɗe Epic MegaGrants a 2019 da dala miliyan 100, kyauta ce da ba a mayarwa kuma ba ta taɓa mallakar aikinka, sai dai an fi yin ta ne domin masu aiki da Unreal, manhajarsu ta ƙera wasanni, wadda kwamfutocin da yawancinmu ke da su ba sa ɗaukarta da sauƙi. Ban ga hikimar ku bar Unity da kuka sani don kwaɗayin wannan kuɗin ba. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da dala 5,000 da horo tun 2015, kuma takan buɗe karɓar buƙatu a ranar 1 ga Janairu. Ba don wasanni kaɗai aka yi ta ba, saboda haka dole ku yi magana a matsayin masu sana'a da ke da kasuwa. Akwai shirin iDICE na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023 da sama da dala miliyan 600 ƙarƙashin Bankin Masana'antu, domin harkar fasahar zamani da ƙirƙira, kuma ya kamata ku riƙa bibiyar sanarwarsa. Ta fuskar horo, shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai koyar da fasahar zamani, ya sanya ƙera wasanni cikin fannoninsa, sannan Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya fara horon GameUp Africa da haɗin gwiwar Google a 2021. A ɓangaren dillanci kuwa, sunan da aka fi ji a nahiyar nan shi ne Carry1st na Afirka ta Kudu, wanda ya tara dala miliyan 27 daga masu zuba jari a 2023. Za a kuma ba ka labarin Kiro'o Games na Kamaru, wanda ya tara kuɗi ta Kickstarter, dandalin neman gudummawar jama'a a intanet, a 2015 ya fitar da wasansa a 2016. Labari ne mai ƙarfafa gwiwa, amma ka sani Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da Kickstarter ke barin mazaunansu su buɗe neman kuɗi kai tsaye, kuma tsarinsa shi ne idan ba ka cika adadin da ka nema ba, ba ka karɓar komai.

Kafin ku nemi ko ɗaya, ku yi wa kamfaninku rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku karɓi lambar haraji, ku buɗe asusun banki da sunan kamfani har da na dala. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci, kuma shi aka fi jin nauyin yi, shi ne ku ukun ku zauna ku rubuta wa ke da kaso nawa, kuma ku sa hannu cewa zane da sauti da rubutun manhajar duk mallakar kamfani ne. Mu ba mu yi ba, don muna ganin abota ta wuce haka. Mai zanenmu na farko ya samu aiki ya bar gari lafiya lau ba tare da faɗa ba, amma da wani kamfani ya nuna sha'awa ya nemi shaidar cewa zanen namu ne, ba mu da takarda, kuma kafin mu daidaita maganar damar ta wuce. Ku kuma akwai wani abu na musamman a naku: dambe ba ya tafiya sai da kalangu da waƙa, kuma za ku ji kwaɗayin ɗauko waƙoƙin manyan makaɗa ku sa. Kada ku yi sai da rubutaccen izinin masu haƙƙi. Ya fi muku sauƙi ku nemi makaɗi a garinku, ku biya shi, ku ɗauki sabon kiɗa, ku rubuta yarjejeniya.

Kasafin kuɗi shi ne wuri na biyu da muka faɗi. A karo na biyu muna da samfuri mai kyau, amma kunya ta hana mu sa wa kanmu albashi, muna zaton hakan zai nuna sadaukarwa. Su kuwa abin da suka gani shi ne mutum uku da za su watsar da aikin da zarar buƙatar gida ta taso, kuma gaskiyarsu ne. Ku rubuta abin da kowannenku zai rayu da shi a wata, ku sa sola da batir da kuɗin data da wayoyin gwaji, ku faɗi wata nawa aikin zai ɗauka da abin da za ku nuna a ƙarshen kowane zango, domin galibi kashi-kashi ake sakin kuɗin, sai an ga zangon farko ake ba da na biyu. Ku sa dala 25 na rajistar Google Play, da dala 100 da Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, ke karɓa a kan kowane wasa idan kuna da niyyar kwamfuta. Ku bar sarari saboda canjin farashi, domin lokacin da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, lissafin kwamfutar da muka yi ya tashi daga aiki cikin 'yan watanni.

Ita kuwa gabatarwar, gajarta ita ce adonta. Ku fara da bidiyon minti ɗaya na wasan yana gudana, babu doguwar sallama, babu tambarin kamfani yana juyi. Bayansa shafi goma sun isa su faɗi wane ne zai buga wasan, ta wace hanya zai kawo kuɗi, waɗanne wasanni ne suka yi kama da shi kuma ina ya bambanta, su wane ne ku, nawa kuke so kuma me za ku yi da shi. Ku rubuta da Turanci mai sauƙi, amma ku bar dambe a matsayin dambe da turmi a matsayin turmi, ku yi musu bayani da jimla ɗaya, domin wannan ne abin da ɗan wata ƙasa ba zai iya kawo musu ba. Kada ku ce duk matasan Afirka ne kasuwarku. Ku faɗi mutum nawa suka gwada samfurin, nawa suka dawo washegari, ko da adadin bai kai ɗari ba. Idan kun shiga Global Game Jam, wanda ake yi duk watan Janairu ana ƙera wasa cikin awa 48, ku nuna abin da kuka fitar, domin shaida ce cewa kuna iya gama abin da kuka fara.

Idan Allah ya sa dillali ya kawo muku kwangila, kada ku sa hannu sai lauya ya karanta. Ku duba wa zai mallaki wasan da sunansa, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, me za a cire kafin a fara raba riba, kuma idan suka fasa fitar da shi, shin zai dawo hannunku. Ni a ra'ayina, rance mai kuɗin ruwa bai dace da wasan da bai fara ciniki ba, ban da abin da addini ya faɗa a kansa. Haka kuma ku tambaya tun wuri irin tallace-tallacen da za a riƙa nunawa a ciki, da ko za a cusa akwatunan sa'a masu kama da caca, domin ƙannenmu ne za su buga, kuma sunanku ne a kai. Duk wanda kuma ya ce ku biya kuɗin fom ko na gaggauta sakin tallafi, ɗan damfara ne, ku rabu da shi.

Mu sai a karo na uku muka samu, kuma ba wani kuɗi ne mai yawa ba, amma ya saya mana sola da kwamfuta ɗaya, ya kuma riƙe mu wata shida har muka kai wasan inda za a iya nuna wa dillali. Idan za ku sa naku a Google Play da sabon asusu na mutum ɗaya, za a buƙaci mutum 12 su gwada shi na kwana 14 a jere kafin a bar ku ku sake shi ga jama'a. Idan turminku na farko ya kammala, ka sanar da ni a nan. Mu uku za mu shiga cikin sha biyun, kuma zan gwada shi a tsohuwar wayar da na ajiye domin irin wannan aikin.