"Da-na-sani Ƙeya Ce": To In Aka Koma Jiya Fa?

Tambaya: Malam, na ji masana kimiyya suna muhawara kan ko mutum zai iya komawa zamanin da ya wuce. In har aka ƙera na'urar da za ta mai da mutum jiya, ashe karin maganar nan "da-na-sani ƙeya ce" ba ta mutu ba ke nan? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Tana nan da ranta, ɗan'uwa. Cikonta shi ne "a baya take", domin ƙeya ba ta shan gaban mai ita, nadama ma ba ta riga aiki zuwa. Wannan jeri na aiki sannan nadama shi ne ainihin abin da ya ɗaure wa masanan kai.

A ce wani ya sayar da gonar gadonsa, abin ya dame shi, ya shiga na'urar ya koma ranar cinikin ya hana kansa sallamawa. To gona ba ta tafi ba, nadamar daga ina za ta fito? Babu nadama, babu abin da zai sa shi shiga na'ura. Bai shiga ba kuwa, babu wanda ya hana ciniki, gona ta tafi, nadama ta dawo. Turawa da kaka suke buga misalin: jika ya koma ya kashe kakansa tun bai yi aure ba, sai a rasa wa ya haifi mai kisan. Bahaushe zai kira wannan tufka da warwara, sai dai a nan hannu ɗaya ne ke yin duka biyun a lokaci guda.

Maganar komawa jiya ba tatsuniya zalla ba ce. A 1949 masanin lissafi Kurt Gödel ya nuna cewa lissafin masanin kimiyya Einstein kan sarari da lokaci bai haramta hanyar da za ta zagayo da matafiyi jiyansa ba, in dai sararin duniya gaba ɗaya yana juyawa. A shekarun 1980 Igor Novikov, masanin kimiyya ɗan Rasha, ya kawo mafita: matafiyin zai iya komawa, amma duk abin da ya yi can dama yana cikin abin da ya riga ya faru. Ko ya ɗaga bindiga kan kakan, za ta ƙi tashi, ko ya kuskure. Wato ƙaddara ta riga fata. A ganina wannan ce amsar da ta fi tsayuwa da ƙafafunta, kuma ba ta taɓa karin maganarmu ba. Masanin kimiyya Stephen Hawking kuwa, don ya gwada ko akwai masu komawa jiya, walima ya shirya wa matafiyan a Kambirij ta Ingila a 2009, bai fitar da goron gayyata ba sai da aka tashi. Ba wanda ya zo.

Ka lura kuma da "baya" ɗin da karin maganar ta dogara da ita, don tana da fuska biyu. Muna cewa "a baya" don abin da ya wuce, amma "daga baya" abin da ya biyo ne, 'yan baya kuma ƙanne ne da jikoki. Kakanni su ne magabata, daga "gaba". A wannan lissafin mutane ayari ne, wanda ya riga tashi shi ke gaba. Saboda haka jikan da ya koma neman kakansa baya ya nufa in an auna da kwanaki, gaba ya nufa in an auna da zuriya.