Me Ya Sa Masu Inganta Sitiroberi Suke Komawa Daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomin sitiroberi ne a yankin Vom da ke Jihar Filato, kuma na ji an ce masana a Amurka suna shiga daji suna nemo danginsa masu ƙananan 'ya'ya domin su haɗa su da na gona. Tunda na gonar ya fi girma da kyan gani, mene ne amfanin wannan komawa baya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sai mun duba asalin shukar kafin amsar ta fito. Sitiroberin da duniya take nomawa yau ruwa biyu ne. A shekarar 1714 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Frézier ya dawo gida daga ƙasar Chile da tushe biyar na wani iri mai manyan 'ya'ya, sai aka tarar dukkansu mata ne, ba su yin 'ya'yan kirki, har sai da aka dasa su kusa da wani irin da aka kawo daga gabashin Amurka ta Arewa. Daga wannan barbara aka sami na gonarka.

Ke nan gidan daga kakanni kaɗan ya taso, kuma tun daga nan auren zumunci ake ta yi. Wani bincike da masana biyu, Sjulin da Dale, suka buga a 1987 ya bi salsalar iri 134 na Amurka ta Arewa, ya tarar duka suna komawa ga tushe 53 kacal. Sannan ka fi ni sanin cewa da yaɗo ake dasa shi: ka yanko reshen da ya miƙe a ƙasa ya kafa saiwa, ka kai shi sabuwar kunya. Gona guda na iya zama shuka ɗaya da aka maimaita sau dubu, cutar da ta kayar da tushe ɗaya kuwa ba za ta bar sauran ba. Na daji, wanda ya daɗe yana fama da sanyi da fari da cututtukan ƙasa ba tare da taki ko feshi ba, yana ɗauke da ƙwayoyin gadon da na gona bai samu ba.

An riga an ga amfanin hakan. A shekarun 1950 Royce Bringhurst na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya tono wata 'yar shuka a tsaunukan Wasatch na jihar Utah, wadda take fure ko yini ya yi tsawo ko ya gajarta, alhali yawancin na gona sai yini ya gajarta suke ɗaukar fure. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba na kai wa kasuwa ba, don haka sai da ya yi ta mayar da zuriyarta ga na gona, zubi bayan zubi, yana zubar da mafi yawa, har girman ya dawo, halin furen kuma ya tsaya. Iri na farko sun fito a 1979, wani iri mai suna Selva ya biyo baya a 1983, kuma da irinsu manoman Kalifoniya suke tsinka watanni da yawa a shekara. A ganina wannan jira na fiye da shekara 20 shi ne ainihin tsadar aikin, kuma shi ya sa jami'o'i da hukumomin gwamnati suka fi 'yan kasuwa haƙurinsa.

Ba kowane dangi ake iya haɗawa cikin sauƙi ba. Na gona da iyayensa biyu kowanne yana da kuromosom 56, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, saboda haka aurensu yana ɗaukuwa, amma na dajin Turai 14 gare shi, kuma sai an ninka su da magani a ɗakin bincike kafin a sami zuriya mai haihuwa. Ma'aikatar gona ta Amurka tana adana irin waɗannan dangi a raye a garin Corvallis na jihar Oregon.

Kai kuwa a gonarka, kada ka dogara da shuka ƙwayoyin da ke jikin ɗan, domin abin da zai tsiro ba zai yi kama da uwarsa ba. Abin da ya fi shi ne ka nemi dashe mai lafiya na iri biyu ko uku, ka raba musu kunyoyi.