Tambaya da Amsa: Dabbobin Gida da Sanyin Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Kyanwata ta haifi 'ya'ya huɗu a ɗakin ajiya, ga hunturu ya kunno kai. Ɗaya yana atishawa, idonsa duk kwantsa. In ba shi farasitamol? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kul, kada ki soma! Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ɓarin ƙwaya ɗaya ma yana iya kashe babba, balle jariri. Ki goge masa ido da auduga da ruwan ɗumi sau uku a rana. Idan ya daina kama nono, sai wurin likitan dabbobi a ranar.

Abin da suka fi buƙata ɗumi ne, domin jariran kyanwa ba sa iya riƙe zafin jikinsu sai sun kai mako uku zuwa huɗu. Ki samu kwali, ki yanka masa ƙofa daidai shigar uwar, ki shimfiɗa tsummoki busassu, ki ɗora shi a kan katako, don siminti yana zuƙe ɗumin jiki cikin dare. In uwar ta fita, ki sa gorar ruwan ɗumi naɗe da zani a gefe guda, yadda za su iya matsawa in zafi ya yi yawa.

Tambaya: Na sayi 'yan tsaki 50, na kunna masu gawayi, na rufe ɗakin ruf da leda. Da safe na tarar da mushe bakwai. Sanyi ne? Daga wani makiyayi a Katsina.

Amsa: Malam, alamu sun fi nuna hayaƙi, ba sanyi ba. Gawayi a rufaffen ɗaki yana cinye iska, yana kuma fitar da wata guba marar wari wadda ko mutum tana kashewa. Ka bar gawayin ya ruru a waje har hayaƙin ya ƙare, sannan ka shigar da shi cikin tukunyar ƙasa, ka kewaye ta da waya. Ledar kuma a ɓangaren arewa maso gabas ake sa ta, inda iskar hunturu take bugowa. Ka bar tazarar kamar tafin hannu a sama domin iska ta riƙa fita.

A makon farko 'yan tsaki suna son zafin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, sai a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Ba ka da ma'aunin zafi? Tsakin da kansu za su gaya maka. In sun cunkushe a jikin tukunya suna ta kuka, sanyi suke ji, kuma a wannan cunkoson ne na ƙasa suke mutuwa. In sun gudu jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, ka yi daidai. Ka zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kaurin yatsu huɗu, ka kwashe duk inda ya jiƙe.

Wani abin da ake ɗora wa sanyi alhali ba shi ba ne: cutar Niyukasul, wadda takan share kajin gari a wannan lokaci. Ba ta da magani, sai rigakafi. A nemi maganin rigakafi mai suna Lasota, ko mai suna I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato take yi, wanda ake ɗigawa a ido. A yi shi tun kaza tana lafiya.

Tambaya: Magunan unguwa da wani kare suna kwana a ƙarƙashin motata. Ya zan yi? Daga Jos.

Amsa: Alhaji, ɗumin inji suke bi, mage kan shige ciki ma ta kwanta kusa da fanka. Kafin ka tayar da mota da asuba, ka bubbuga bonet, ka danna hon, ka ɗan jira. Ka aje masu kwali da buhun algarara a lungun da iska ba ta kaiwa, nesa da motar, da kwanon ruwa, don bushewar hunturu tana kawo ƙishi ko ba rana. Karen dai a taimaka masa daga nesa, a hana yara taɓa shi. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti nan take saboda ciwon haukan kare.