Dalilin da Ya Sa Ba Na Zaunar da Famfo a Gindin Rami

Yaro, ka tambaye ni dalilin da ya sa na sa ka ciro famfon tsotse ruwan da ka riga ka zaunar a gindin ramin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, na ce sai an ɗora shi a kan mazauni, alhali takardar da ta zo da shi ta nuna cewa yana iya wuce da tsakuwa har mai girman rabin inci. Da farko ban yi niyyar amsa maka ba, domin mu lokacin da muke koyo ido muke zubawa har mu gane da kanmu, amma tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki wanda har yau bai warke ba, saboda haka ka saurara da kyau.

Ruwan da ke gangarowa cikin ramin nan daga bututun da ke kewaye da harsashin gini ba ya zuwa shi kaɗai. Yana ɗauko yashi da laka da ƙananan duwatsu, wani lokaci har da wani jan datti mai kama da tsatsa, kuma da zarar ruwan ya natsa duk waɗannan sai su kwanta a ƙasa. Bakin da famfon ke zuƙar ruwa da shi yana ƙasa ne, wato daidai inda dattin yake taruwa. Abin da takardar ta faɗa gaskiya ne game da tsakuwa ɗaya da ta ratso cikin ruwa, amma ba ta yi maka alkawarin cewa famfo zai yi ta haɗiyar yashi wata da watanni ya zauna lafiya ba. Yashi yana cin farfelar da ke ciki a hankali har ƙarfin turawarta ya ragu, yana kuma cin abin da ya toshe tsakanin ruwa da injin, ranar da ruwa ya sami hanyar shiga wurin kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, zance ya ƙare.

Ban koyi wannan a takarda ba. Shekaru masu yawa da suka wuce, lokacin ina ganin babu wanda ya fi ni hannu, wani mutum ya ba ni aikin ruwa na sabon gininsa gaba ɗaya, kuma ginin yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda ya yi niyyar mayarwa wurin ajiyar kaya. Na faɗa masa tun farko cewa sabon rami ya fi kowane rami tara yashi, domin ƙasar da aka cike gefen harsashi da ita ba ta gama zama ba, kuma ruwan saman farko zai wanko ta cikin bututu. Na ce a ba ni kwana biyu in samo mazauni na gaske, a kuma bar ni in dawo in wanke ramin bayan ruwa na farko. Ya ce kayansa suna hanya, ba zai jira ba, in kuma ba zan iya gamawa a ranar ba akwai masu iyawa. A nan na yi kuskuren da har gobe nake jin zafinsa: maimakon in tattara kayan aikina in tafi, sai na ɗauko bulo biyu daga ragowar na magina, na jera su a gindin ramin, na ɗora famfon a kai, na zuba ruwa na ga ya tashi ya tsaya, na ce aiki ya yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, duk lokacin da famfo ya tashi yakan ɗan murɗa jikinsa, yana kuma kakkarwa muddin yana aiki. Bulon nan biyu tsayinsu bai zo ɗaya ba, ɗaya ma ya jiƙa ya soma marmashewa. Kullum famfon yana matsawa kaɗan, har ƙafarsa ɗaya ta zame, ya karkace, bakinsa ya nutse cikin yashin da ya taru. Daren da aka kwana ana ruwa, wani dutse ya maƙale farfelar, ƙwallon makunni kuwa, wanda ke tasowa da ruwa ya kunna famfon, yana sama domin ramin ya cika, saboda haka wuta ta ci gaba da shiga injin da ba ya iya juyawa. Ya yi ta gurnani yana zafi, abin kariyarsa yana yanke wuta yana mayarwa, har kwayil ya ƙone. Da gari ya waye ruwa ya kai gwiwa a ɗakin, kayan da aka jera a ƙasa duk sun jiƙe.

Na amsa laifina a kan bulon, kuma har yanzu ina amsawa. Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne abin da na tarar da na kwashe ramin da hannuna: guntayen tayil, da dunƙulen busasshen siminti, da yagaggen buhu. Ruwan ƙasa ba ya kawo tayil. Ma'aikatan da ya sa su share ɗakin bayan tafiyata ne suka ɗaga murfin suka tura sharar ciki, kuma dutsen da na zaro daga farfelar ɓallin tayil ɗin ɗakin ne, launinsu ɗaya. Na ɗora shi a tafin hannuna na nuna masa. Mutumin nan ya dube ni ya ce bai san zancen ba, ya riƙe ragowar kuɗin aikina na ginin gaba ɗaya, ya sa na sayi sabon famfo daga aljihuna, sannan ya bi abokansa masu gini yana cewa ni na lalata masa kaya. Ayyuka biyu da aka riga aka yi mini alkawari a lokacin haka suka suɓuce. Asarar kuɗin ta wuce, amma sunan da ya ɓata mini sai da na yi shekaru ina gyara shi.

Tun daga ranar ba na sa famfo sai a kan mazauni guda ɗaya, mai faɗin da ƙafafun famfon duka za su hau su bar sarari, wanda ruwa ba ya cinye shi. Akwai na roba mai ƙarfi da ake ƙerawa domin wannan aiki, wasu ma har da wurin ɗaure famfon, kuma su na fi so. In babu, falalen kankare guda mai nauyi ya fi bulo biyu nesa ba kusa ba. Katako yana ruɓewa ko ya taso, baƙin ƙarfe yana tsatsa, kar in ga ko ɗaya a ramin da na sa hannu. Ka kwashe gindin ramin tas kafin ka ajiye mazaunin, domin wanda aka ɗora a kan laka zai nutse ta gefe guda.

Sai maganar tsayi, inda ku yaran yanzu kuke ɓata aiki, domin kuna ganin abu a waya sau ɗaya ku ɗauka kun iya, ba kwa son ciro tef ku auna. Ramin da aka saba ginawa faɗinsa wajen inci 18 ne, zurfinsa wajen inci 24, ka ga ke nan babu filin wasa a ciki. Inci 3 zuwa 4 ya isa a yawancin ramuka. Duk incin da ka ɗaga famfo, ka ɗaga matakin da zai tashi da matakin da zai tsaya. In ka wuce gona da iri, ruwa zai haura bakin bututun da ke shigowa kafin famfon ya tashi, ya koma ya kwanta a jikin harsashin da aka ce ka kare. In kuma ka rage tafiyar ƙwallon domin gyara wannan, famfon zai dinga tashi yana tsayawa a kai a kai, wannan kuwa yana gajarta ran inji da makunni. Ka ɗaga ƙwallon da hannunka har ƙarshen tafiyarsa, ka tabbata bai taɓa bangon rami ko murfi ko waya ba.

Yadda ake rage tsawon bututun fita bayan an ɗaga famfo, da inda ake sa bawul mai hana ruwa dawowa, ba zan tsaya a kansu ba, wanda ya yi wata shida a hannuna bai san su ba ya nemi wata sana'a. Abu ɗaya kawai zan tuna maka, domin na ga kana mantawa: ƙaramar hudar nan ta wajen milimita 5 a jikin bututu tsakanin famfo da bawul, wadda ke fitar da iskar da kan maƙale ta hana famfo jan ruwa, ka tabbata tana cikin rami tana fesawa ƙasa.

Kuma kar ka faɗa wa mai gida cewa mazauni ya raba shi da datti. Yashin yana nan yana taruwa a ƙarƙashi, ranar da ya cike incin nan 4 famfon ya koma kamar wanda ke zaune a ƙasa. Ka gaya masa a buɗe ramin aƙalla sau ɗaya a shekara, sabon gini kuwa bayan ruwan farko, a zare wuta daga soket tukuna, a ciro famfon, a kwashe lakar, a wanke ragar bakinsa, a mayar, a zuba bokitin ruwa a ga ya tashi ya tsaya da kansa. Murfin ramin kuma ka ɗaure shi da kusoshi kafin ka bar wurin, ka sa mai gidan ya gani da idonsa cewa gindin ramin fes yake ranar da ka miƙa masa aiki. Gobe da safe ka koma ka auna daga saman mazaunin zuwa bakin bututun da ke shigowa, ka kawo mini awon a rubuce kafin ka taɓa gam ɗin haɗa bututu.