Tambaya da Amsa: Wai ina ungulu ta shiga ne?

Tambaya: Salam Malam. Da can in kaje mahauta sai ka kori ungulaye kafin ka samu wurin tsayawa, yanzu yarana basu ma taba ganinta ba. Ina suka tafi, kuma akwai wata asara a rashinsu? Ni dai kazamar tsuntsuwa na santa. Daga wani mahauci a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa. Ba tafiya suka yi ba, karewa suke yi, kuma da hannunmu. A zuba guba a mushe don kura ko karnuka, ungulaye su sauka su ci su mutu gaba daya, ga masu kai kawunansu kasuwa saboda tsubbu, ga manyan bishiyoyin da suke sheka a kai an sare. Ita kuwa kwai daya tak take yi a shekara, to ta yaya zata mayar da gurbi? Tun 2015 aka saka irin tamu ta mahauta cikin tsuntsayen dake dab da karewa.

Wannan kazantar da ka fada ai ita ce aikinta. Jaki ya mutu a bayan gari, kafin ya kumbura kuda ya yanyame shi sun sauka sun cinye sai kashi, kuma cikinta yana da karfin da yake kashe kwayoyin cutar dake jikin mushen, cutar bata wuce nan.

Indiya sun dandana wlh. Daga shekarun 1990 ungulayensu suka rika mutuwa saboda maganin diclofenac da ake yiwa shanu, in ta ci mushen saniyar da aka yiwa allurar sai kodarta ta lalace, fiye da kashi 95 cikin 100 suka kare kafin a hana baiwa dabbobi maganin a 2006. Mushe ya taru ba mai ci, karnukan sake suka samu abinci suka hayayyafa, cizo ya karu, ciwon haukan kare ya karu a jikin mutane. Ka duba fa, maganin saniya ne ya zagayo ta kan ungulu da kare har ya iso kan dan adam.

Ku mahauta kun fi kowa kusa da wadanda suka rage. Don Allah ku hana yara harbinsu da danko, kada ku bari a saka guba a tumbi da hanjin da kuke zubarwa, dabbar da ta mutu tana cikin shan magani kuma a haka rami a binne ta.